Man Farar Wuta

Ƙazuwa ta shiga gidan Tela ta hannun jikansa, wanda kowa ke kira Ɗan Lele. Kafin a farga gida ya koma susa. Tela na taka keken ɗinki da ƙafa ɗaya, ɗayar na sosa 'yar uwarta.

Mai kemis ya ba su man farar wuta.

"Kowa ya shafa bayan wanka, daga wuya zuwa tafin ƙafa. Kaɗan-kaɗan. Ban da ido, ban da inda fata ta yage. Warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, sai haƙuri."

Warin bai dami Tela ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda matarsa ke zaunar da jikan a cinya tana bin tsakanin yatsunsa da man, tana hura masa iska.

"Sannu angona, sannu ɗan gatana."

Rabon da a ce wa Tela sannu tun yana da gashi a ka. Da ya matso ya juya mata baya don ta shafa masa, sai ta miƙo masa gwangwanin man.

"Malam, kai ai babba ne."

"Hannuna ba ya kaiwa tsakiyar baya."

"Yana kaiwa in susa ce."

Yaron ya yi masa gwalo.

Tela ya shige ɗaki yana huci. Tunda sai mai ciwo ake lallashi, zai nuna musu ciwo. Ya ɗauki tsinken tsefe ya karce bayansa har ya ji danshi, sannan ya kwaso man cike da hannu ya lafta a kan raunin.

Ihun da ya yi har maƙwabta sun leƙo.

Matar ta shigo a guje, ta ga bayansa ya yi jawur. Ta kifa shi a tabarma, ta wanke man da ruwan sanyi, tana yi tana faɗa.

"Da furfurarka! Ba a gabanka aka ce ban da kan rauni ba?"

Bayansa na raɗaɗi kamar an zuba barkono, amma Tela ya lumshe ido, don hannunta bai bar jikinsa ba.

Jikan ya tsaya a ƙofa, baki a zumɓure.

"Kaka, ni fa?"

"Jira, ina da majinyaci."

Tela ya ƙara nishi.