Katin Zaɓen Fuseini

Ni da Fuseini ciki ɗaya muka kwanta, rana ɗaya muka faɗo duniya, amma sa'a ba ta taɓa sanin cewa mu biyu ne ba. In abin alheri ya faɗo daga sama, a kansa yake sauka, ni kuwa sai dai in ji labari. Ni ne Alassani, ni ne babba, da tazarar da ba ta kai ta shan kofin koko ba. Fuskarmu ɗaya ce sak. Inna da ta haife mu ma, da muka girma, tafin hannu take dubawa: mai kanta ni ne, mai laushi ɗan gatanta ne.

Babanmu, Malam Zaidu, ya rasu ya bar gona a hanyar Tchamba, bayan garin Sokodé. Ba tamu ba ce, aro ce daga Baba Tchakondo, wani dattijo ɗan ƙabilar Kotokoli. Sharaɗin da ya gindaya wa babanmu guda ne: muddin ana noma ta da kyau, tana hannunmu, ranar da ta koma ciyawa ko ta yi amfanin kunya, ya ba wani. Ni na riƙe ta shekara tara. Fuseini kuwa ya tattara ya koma garin Dapaong, can arewa, yana sayar da kayan gyaran babur, ya kuma ɗauke Inna, wai can asibiti ya fi kusa da gida.

Kafin ya tafi ne muka je yin katin zaɓe tare, a wata makarantar boko da ke unguwar Didaouré, cikin Sokodé. A nan na tafka wautar da har yau nake ɗanɗana kuɗata a kanta. Mai rubuta sunaye wani ne da muka zauna aji ɗaya da shi, ya ci ado da riga mai kwala fara fat, yana ƙamshin turare. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Alassani, kai ne? Wane aiki kake yi yanzu?"

Ƙasar gona na maƙale a farcena, amma bakina ya ce, "Komarsan." Ɗan kasuwa, wai ni.

Da aka zo kan Fuseini, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Sa kultibatar, aikin babanmu ke nan." Manomi, wai shi, mutumin da rabonsa da fartanya tun muna 'yan shekara goma. Muka fito ina yi masa dariya.

Sai ga annobar korona. Aka rufe Sokodé, ba shiga ba fita sai motocin kaya. 'Yan kasuwar Lomé da ke zuwa sayen masarata gab da damina, wadda da kuɗinta nake sayen taki, ko ƙeyarsu ban gani ba. Masara ta zauna a ɗaki har ƙwari suka mayar da rabinta gari. Ana cikin haka rediyo ta ce gwamnati za ta tallafa wa manoma: kuɗi ta waya, da takardar karɓar taki da iri. Abin da ake bukata kawai, mutum ya danna lambar katin zaɓensa.

Na danna. Amsa ta dawo cewa wannan tallafi na manoma ne, ni kuwa ɗan kasuwa ne. Na sake dannawa har sau huɗu, kamar wayar za ta ji kunyata. Matata Zalia tana tsintar shinkafa, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Sannu komarsan. Ina shagon yake, in je in sayo gishiri?"

Ban gama huce wannan ba, waya ta yi ƙara. Fuseini ne, yana dariya tun kafin ya yi sallama.

"Yaya, ka ji abin mamaki? Na danna don wasa, sai ga kuɗi sun shigo! Har da bon na angire, takardar nan ta karɓar taki da iri."

Na ji muryar Inna a bayansa tana cewa, "Wannan yaro, duk inda ya sa hannu sai Allah ya buɗa."  Ba zan ɓoye ba, abin da na ji hassada ce, tsagwaronta.

Ya ce, "Me zan yi da taki a shago? Zan karɓa in ɗora maka a motar Karim mai albasa, ka zuba a gonar baba."

Da mai hankali ne, sai ya yi godiya. Ni kuwa na ce, "Riƙe abinka. Ban fara cin sadakar ƙanina ba tukuna." Na kashe wayar.

Abin da ya ƙona ni ba takin ba ne. Shekara tara ina duƙe, rana ta dafa mini baya, kunama ta harbe ni ba adadi, amma ranar da gwamnati ta tashi neman manomi a gidan Malam Zaidu, sai ta tsallake ni ta je Dapaong ta samu mai zaune kan benci yana shan iskar fanka. Kuma a ce in karɓi haƙƙina daga hannunsa, in ce na gode, Inna ta sa masa albarka.

Ruwan farko ya sauka. Na shuka abin da ya rage na tsohon iri, ya fito rawaya-rawaya, siriri kamar tsintsiya. Baba Tchakondo ya zo da sandarsa ya tsaya a bakin gona ya daɗe yana kallo. Shi bai taɓa wahalar da kansa da sunana ba, Ɗan-biyu yake ce mini.

"Ɗan-biyu, gona ya yi fushi," in ji shi da Hausarsa ta Kotokoli. "Ɗan ƙanena ya dawo daga Lomé, aiki ya mutu, yana nema wuri. Ni ba na so na kore ka. Amma in bana ya lalace, ba ni da baki."

Na dawo gida raina a jagule, na tarar da Zalia tana kallon wayarta. Matar Fuseini ce ta turo hoton sabon rufin kwano da suka yi wa ɗakin Inna da kuɗin tallafi. Kwanon yana ta walƙiya. Na ce, "Kuɗin manoma ke nan a kan rufin mai sayar da taya."

Zalia ta ce, "Ɗakin uwarka ne fa. Ka kira shi ka ce ya turo takin, me zai ragu a jikinka? Hassada ga mai rabo taki ce, Alassani."

Ban kira shi ba. Akwai wata lamba da rediyo ke ta maimaitawa, ta kai ƙarar masu cin tallafi da ƙarya. Washegari da hantsi na je kasuwa, na ari wayar wani mai sayar da goro da bai san ni ba, na koma bayan rumfa na kira. Wata mata ta ɗauka. Na ba ta sunan Fuseini da na babanmu, na ce ba manomi ba ne, yana Dapaong yana sayar da kayan babur, ko dawa da masara ba ya rarrabewa. Ta tambayi sunana, na ce wani mai kishin ƙasa ne. Da na mayar da wayar na ji sanyi a raina, har goro na saya na ci. Wannan sanyi ya yi mini kwana shida.

A rana ta bakwai Fuseini ya kira, babu dariya ko kaɗan.

"Yaya, an kai ƙarata. An dakatar da bon ɗin. Sun kira sun ce in faɗi inda gonata take, ma'aikaci zai zo ranar Alhamis ya gan ni a cikinta. In ƙarya ce, sai na mayar da komai, kuma maganar za ta kai ga jandarma."

Na ce, "Subhanallahi, mutane ba su da tsoron Allah." Bakina bai ko yi rawa ba.

"Na rikice, na ce musu hanyar Tchamba. Katin ai a Sokodé muka yi shi. Ni ba ni da hanyar shigowa, amma Karim zai kawo maka katin jibi. Ka tsaya a matsayina, Yaya. Wa zai gane?"

Kafin in buɗe baki Inna ta karɓe wayar. Kuka take yi. "Alassani, in aka kama ƙaninka ba zan kai azumi ba. Ka rufa mana asiri. Wanda ya yi masa wannan kuwa, na bar shi da Allah."

Na ce, "To, Inna." Me kuma zan ce?

Ranar Alhamis na tsaya a gonata da katin wani a aljihu. Ma'aikacin ya iso a kan babur, saurayi ne ɗan kudu, da takunkumi a fuska da jaka a kafaɗa, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ya sa aka kira Baba Tchakondo a matsayin shaida. Ya karɓi katin, ya ce in sauke kashne, wato takunkumina. Ya dubi hoto, ya dube ni.

"Fuseini Zaidu?"

Na yi lissafi a raina. In na ce ni Alassani ne, ƙanina ya shiga hannu, taki ya tafi, gona ta bi shi. Na ce, "Na'am."

Ya ce in buɗe hannuwana. Ya ga kanta, ya ga tsagar fartanya, ya girgiza kai. Sannan ya nuna wa Baba Tchakondo hoton, ya ce, "Papa, wannan ne yake noma nan?"

Tsohon ya kai katin kusa da ido ya ce, "Shi ne mana. Shekara tara. Ruwa da rana yana nan. Wa ya ce ba shi ne ba?" Bai yi ƙarya ba a saninsa, fuskar da ya sani ya gani.

Ma'aikacin ya ciro takarda ya karanta ƙarar tun daga farko, kalma bayan kalma, maganata ce ba ragi. Da ya kai wurin dawa da masara, Baba Tchakondo ya buga sanda a ƙasa.

"Wanda ya faɗi wannan, ciki nasa baƙi ne! Maƙiyi ne, kuma na kusa ne, tunda ya san suna na baba." Ya juyo gare ni. "Kana da maƙiyi, Ɗan-biyu?"

Na ce, "Da alama, Baba."

"Allah ya tona shi."

Suka zuba mini ido su biyu suna jira. Na ce amin.

Na ɗauka an gama ke nan. Ashe da sauran aiki. Ma'aikacin ya ce don kada wani ɗan baƙin ciki ya sake tayar da magana, zai auna gonar ya shigar da ita rajista. Ya riƙe wayarsa ya zagaye iyaka, ni ina gaba ina nuna masa: daga bishiyar ɗorawa zuwa suri, daga suri zuwa rafin da na tare da duwatsu da hannuna. Ya zauna a gindin ɗorawa ya cike takarda, cewa Tchakondo ya ba Fuseini Zaidu aron wannan fili, kuma shi ne manomin da hukuma ta sani a kansa. Tsohon ya dangwala yatsa. Aka miƙo mini biro. Ban taɓa rubuta sunan ƙanina da hannuna ba sai ran nan.

Da ma'aikacin ya tafi, Baba Tchakondo ya dafa kafaɗata yana murmushi. "Ashe suna naka Fuseini. Shekara tara ban tambaya ba. Yanzu na riƙe."

Taki ya iso cikin mako guda, da iri mai kyau. Na sake shuka, masara ta yi baƙi-ƙirin don ƙoshi, ta fi ni tsawo. Ban taɓa ganin irin amfanin bana ba, kuma ban taɓa shiga gonar da nauyin zuciya irin na bana ba. Maganar ɗan ƙane ta mutu. Duk wanda ya bi hanyar Tchamba sai ya tsaya ya tambayi mai gona, tsohon kuwa ya amsa da alfahari: ta Fuseini ce.

Zalia ba ta taɓa tambayata komai ba. Sai dai tun daga ranar Alhamis ɗin ta daina yi mini tsiyar komarsan, wannan shirun kuwa ya fi tsiyar ciwo.

Bayan girbi aka buɗe hanya, na ɗauki buhu biyu na hau mota zuwa Dapaong. Fuseini ya tare ni a tasha ya rungume ni, ya ce, "Yaya, ka fitar da ni kunya. Takarda ce kawai, gonarka ce, ka ci gaba da nomanka." Da zuciya ɗaya ya faɗa, abin da ya ƙara ƙona ni ke nan. Yau ni ake ba izinin noma gonar da na tsufa a cikinta.

Muka isa gida. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta. Aka kwance buhu, ta cusa hannu ta ɗebo masara, ta daɗe tana murza ta a tafinta, idonta ya ciko.

"Irin ta babanku," in ji ta. Ta ɗago ta dube mu mu biyu, sannan ta kamo hannun Fuseini. "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ba don kai ba, da gonar Malam ta salwanta." Ta waiwayo gare ni. "Alassani, ka yi wa ƙaninka godiya kuwa?"

Na dubi hannuwana, na mayar da su aljihu. Na ce, "Na gode, Fuseini."