Takobin da Ya Dawo Ba Kube

Zazzaɓi ya kayar da Ilu bayan azahar, a ɗakin da yake tara kayan yaƙin mutanen da. Ga masu a jingine, ga kwalkwali mai lotsawa, ga sulke a ƙusa, ga takubba kowanne cikin kubensa. Ɗaya ne kawai tsirara, wanda dangi ke kira takobin Barmo, kakan babansa, domin tare da gawarsa aka dawo da shi daga fagen fama. Yau Mati baduku zai zo ya auna shi, ya ɗinka masa kube mai sunan Barmo. Gwaggo Tabawa kuwa, wadda ta raini Ilu, ta rantse ranar da aka suturta ƙarfen nan ƙafarta ta bar gidansa. "Binne shi, ɗan nan," iyakar abin da take cewa ke nan, ta ƙi faɗin dalili.

Ya juya dama, ya juya hagu, tabarma na cizonsa. Sai sulken ya sauko daga ƙusa, ya tsaya, ba kowa a cikinsa.

"Tashi, mai tsince-tsince," in ji sulken, muryarsa kamar ana zuba tsakuwa a kwano. "Ɗauko tsiraran nan."

Bangon ɗakin ya ja da baya, ya yi ta ja har ya ɓace. Suka faɗa wata gona inda takubba suka tsiro kamar dawa, iska na kaɗa su suna kuka. Ilu ya hango wani mai ƙotar tagulla, hannunsa ya tafi da kansa.

"Wallahi ba ni da irin wannan!"

"Har a nan ma?" in ji sulken. "Cire hannunka. Ba girbi muka zo ba."

Gonar ta narke ta zama kogin tsatsa. Suka haye shi a kan garkuwa, ruwan na jan gefen rigarsa. A ƙetare akwai kasuwa, ba mai saye ba mai sayarwa, sai kube rataye rumfa-rumfa, bakinsu a buɗe kamar 'yan tsuntsaye. Ilu ya shiga gwadawa. Wannan ya tofo takobin, wancan ya tsuke baki, wani tsoho mai jar fata ya yi tsaki.

"Ba namu ba ne. An riga mu."

"Wa ya riga ku?"

Duk suka juya bakinsu wajen wata kuka. A gindinta wani ƙato na zaune yana ɓare gyaɗa, tsagar fuskarsa irin ta gidansu Ilu. Ba sai an gaya masa ba, Barmo ne.

"Kai ne jikan nan mai shafa wa ƙarfe man kaɗanya?" Barmo ya yi dariya. "Ko matarka ba ta samun wannan gata."

"Kaka, takobinka na kawo. Sutura nake nema masa."

"Nawa? Nawa ya karye tun hantsi. Ka taɓa ganin mayaƙi ya fita da takobi ba kube?"

"To me ya sa ake ce masa naka?"

Barmo ya ɗaga riga. Tsakanin haƙarƙarinsa akwai wata siririyar kafa, a buɗe, tana numfashi. Takobin ya fizge daga hannun Ilu, ya shige ta har ƙota, daidai, ba ragi ba ƙari.

"Mai shi ya saka, ya gudu, ya bar mini. Ka ga kubensa."

Ilu ya so ya tambaya, tsakanin mai riƙo da wanda aka soka, wa ya fi cancantar a kira ƙarfe da sunansa? Amma bakinsa ya cika da tsatsa, kukar ta fara sunkuyowa, sulken na ta girgiza kamar ana buga ƙofa.

"Salamu alaikum! Malam Ilu, ko takubban sun cinye ka ne?"

Ya zabura, jiƙe da gumi, haƙarƙarinsa na zogi. Mati ne a bakin ƙofa, da fata a hammata da zaren awo a wuya.

"Ina angon? Miƙo shi mu auna. Barmo kawai zan rubuta, ko da kirari?"

Ilu ya dubi takobin. Ya sauke shi a hankali, ya naɗe shi cikin farin mayafin da ya rufa da shi.

"Mai da fatarka, Mati. Yana da kube."

"Ina yake?"

"Gwaggo ta san inda Barmo yake kwance," in ji Ilu, yana laluben takalmansa.