Takarda ta Biyu

Ina da wani ɗan hali: ba na iya buɗe baki in ce ban sani ba. Ko hanya ta ɓace mini, gara in ƙone rabin tanki da in tsaya tambaya. Shekara ashirin da biyu ina riƙe da masaƙa a Surat, garinmu, ma'aikata ɗari da arba'in, kowa ni yake tambaya. Sai ga ni a ƙasar waje, a garin Edison, na zuba kuɗin masaƙar a ginin wani otal da ban taɓa gani ba don a ba mu izinin zama, kuma ko tsinke ba ni da ikon sayarwa sai hukuma ta yarda.

Lauyarmu, Misis Dombrowski, ta ajiye mini takardu biyu. Ɗaya ta neman izinin aiki kafin a yanke hukunci a kanmu, ɗaya ta izinin fita ƙasar a dawo. Ta ce wanda ya fita babu ta biyun, an ɗauka ya janye buƙatarsa ta zama, ta iyalinsa ma ta bi ruwa. Ta farkon a tsaye na cike ta, don zaman gida ya kai ni ga koya wa matata Jyotsna yadda ake jera gwangwanayen yaji. Ta biyun tana neman dalilin tafiya. Lauya ta ce in rubuta mahaifina ya tsufa, ba shi da lafiya. Jyotsna ta taka mini ƙafa. A mota ta ce ba a rubuta wa uba ciwo a takardar hukuma alhali yana cin gurasar roti uku kowace safiya, kiran abin ne. Na ce mata baƙauyiya. Sannan na cusa takardar a aljihun mota, na bar ta can.

Bayan wata biyar ƙanena Dhiren ya kira daga Surat a kan mahaifinmu, wanda muke ce wa Bapuji.

"Yaya, Bapuji ya daina cin abinci. Likita ya ce a kira na nesa."

Na ce masa ina nan ina bin hanyoyi. Hanyar da na bi ba ta wuce daga falo zuwa akwatin wasiƙu ba. Ban nemi lauya ba. Ai ta riga ta faɗi doka, na kuma ji da kunnena. In koma ta kalle ni ta saman tabarau? Ga 'yarmu Khyati, saura wata bakwai ta cika ashirin da ɗaya, in aka sake lale ta fita daga takardunmu. Na auna uba da 'ya, na zauna. Har na ɗan ji kaina wani gwarzo.

Bapuji ya rasu. A al'adarmu ƙone gawa ake yi, ɗan fari ke kunna wa uba wutar ƙarshe. Da safe ne a wajenmu, na jingina waya da butar shayi a teburin kicin, ina kallo ta kiran bidiyo. Dhiren ya tsaya da itacen a hannu, ya ƙi matsawa.

"Yaya, ba wurina ba ne. Sai ka ce."

"Kunna," na ce. Hoton ya daskare, sai da na maimaita sau uku, na ukun da ƙarfi, kamar mai kiran direba.

Na aske kaina na makoki a banɗaki da rezar gemu, na yanke kunne.

Katin aiki ya iso bayan mako uku. Na kai wa Misis Dombrowski ta ɗauki hotonsa. Ta dubi kaina, ta tambaya, na gaya mata, har da bayanin yadda na kiyaye doka. Ta cire tabaranta ta ajiye.

"Malam Vaghela, me ya hana ka kira ni?"

Ashe akwai takardar fita ta gaggawa, don ciwo ko rasuwa. Ana iya samunta cikin 'yan kwanaki, a ofishin da ke minti arba'in daga gidana. Bapuji ya yi kwana goma sha ɗaya yana jira.