Kwamfutar da ta Daina Yanga

"Wannan ba kwamfutarka ba ce," in ji Maigadi, yana nuna allon da bakin kofin shayinsa.

Mai Hoto ko ɗagowa bai yi ba. Ya danna maɓalli, hoton wasu yara a kan keke ya ɓace, na wani direba jingine da motarsa ya maye gurbinsa kamar ƙiftawar ido. Ya ce tasa ce mana, ga tabon shayi nan a gefe wanda shi Maigadin da kansa ya zubar, ga kuma salatif ɗin da ke riƙe da murfin.

Maigadi ya ga tabon, ya ga salatif, amma bai gamsu ba. Rabin rayuwarsa ya yi yana gadin ƙofar wata masana'anta, kuma abin da aikin ya koya masa shi ne fuska tana ƙarya, riga tana ƙarya, tafiya ce ba ta iya ba. Tun daga nesa yakan gane wanda ya cusa wani abu a ƙugu. Kwamfutar nan kuwa ya san tafiyarta. Jiya ma, idan aka buɗe shafi sai ya taso daga ƙasan allo yana miƙa, idan aka rufe ya tsuke a hankali ya koma inda ya fito. Hoto ba ya zuwa gaba ɗaya, sai na baya ya dushe, sabon ya fara bayyana kamar mutum yana fitowa daga hayaƙi. Yanga, haka Mai Hoto yake kiran abin. Yau ba yanga ba rangwaɗa, komai tsaye yake faɗowa.

Ba don son na'ura Maigadi ya damu ba, shi da ko wayarsa sai an duba masa. Matarsa ce a ciki. Marigayiyar ba ta son hoto, in ta ga kyamara sai ta juya baya, har ta rasu ba ta bar ko guda a gidan ba. Sai bayan shekaru maƙwabcinsa Mai Hoto, wanda ɗakunansu ke kallon juna a tsakar gida ɗaya, ya tuna cewa ya taɓa ɗaukarta ba ta sani ba, tana tsaye a bakin famfo tana dariya. Lokacin da Mai Hoto ya rufe shagonsa, surukinsa, mijin 'yarsa Auta, ya kwashe duk tsofaffin hotunan ya zuba masa su a kwamfutar nan, birjik, ba suna ba tsari. Akwatin da ke ɗauke da na takarda kuma ruwan sama ya yi yoyo a kansa ya lalata su. Saboda haka kowace la'asar tsofaffin nan biyu sukan zauna a kan benci suna bi ɗaya bayan ɗaya, suna tsokanar juna, suna yi wa matattu addu'a, suna gulmar masu rai.

"Wa ya taɓa ta?" Maigadi ya tambaya.

Mai Hoto ya ce surukinsa ne ya ɗan gyara mata saiti da safe, ba wani abu ba.

Nan Maigadi ya ajiye kofin. Dama can jininsa bai haɗu da mijin Auta ba. Mutum ne mai sayar da wayoyi da kwamfutoci na hannu, mai ƙamshin turare da yawan durƙuso, kuma a lissafin Maigadi duk wanda gaisuwarsa ta yi tsawo akwai abin da yake rufewa. Ya ji labarin yadda irinsu suke yi: su buɗe na'ura, su ƙwaƙule mai kyau na ciki, su cusa tarkace, su mayar da murfi. Tabon shayi yana nan, to, amma cikin fa? Idan an sauya ciki, ina matarsa ta tafi?

Ya faɗa wa abokinsa haka, bai ɓoye komai ba. Mai Hoto ya yi dariya har da tari, ya ce gadi ya bar Maigadi amma Maigadi bai bar gadi ba, in an bar shi sai ya caje aljihun limami. Sannan ya rufe ido ɗaya, ya dafa goshi, ya ci gaba da dannawa da sauri, hotuna suna wucewa kafin Maigadi ya gama tantance fuska.

"Yi a hankali mana, ana koranka ne?"

"Kai ne mai lokaci," in ji Mai Hoto.

Maigadi ya ɗauka tsokana ce irin ta kullum, ya rama da cewa ai shi ne yaro a cikinsu. Amma gaskiya saurin nan ya ɓata masa rai. Yana son yangar. Wannan ɗan jinkirin kafin hoto ya bayyana shi ne lokacin da zuciyarsa take shiri, ya ga inuwar ɗankwali, ƙirjinsa ya buga, sannan ya ga ba ita ba ce, ya sauke numfashi. Yanzu an ƙwace masa wannan.

Daga ranar ya sa ido. Da ka sa ido kuwa sai ka gani. Mai Hoto, wanda ƙofarsa ba ta rufuwa sai zai kwanta, ya koma kulle kansa tun daga hantsi. In Maigadi ya gifta ta wajen taga yakan ji ƙas, ƙas, ƙas na maɓalli ba ƙaƙƙautawa. Auta da mijinta suka yawaita zuwa, su tsaya a lungun da ake shanya suna ƙus-ƙus, da sun hango shi su yi shiru su shiga gaisuwa. Wata rana ya ga sun fito da tsohon sun sa shi a mota, mijin Auta yana riƙe da hannunsa tamau, suka dawo da wata babbar ambulan da Auta ta tura cikin jaka da sauri. Biri ya yi kama da mutum. Maigadi ya yanke cewa takardu suke sa shi sa hannu, sun fara da kwamfuta, saura ɗakin. Ya lura abokinsa yana bin bango idan zai je banɗaki, ya lura ya rame, ya ce a ransa baƙin ciki ne, wa zai ga ana cinsa da ransa bai rame ba?

Ya tare mijin Auta a bakin ƙofar gida, ya tsaya masa irin tsayuwar da yake yi wa ma'aikata a lokacin tashi, ƙafafu a ware, hannu a baya. Ya tambaye shi me ya cire daga cikin kwamfutar.

Mijin Auta ya durƙusa kamar yadda ya saba, ya ce bai cire komai ba, motsin nan ne kawai ya kashe, wanda ke sa shafi ya taso yana lilo. Wuri ne guda a cikin saiti, a taɓa shi ya mutu, a sake taɓawa ya dawo.

"Wa ya sa ka?"

"Baba ne da kansa."

"Don me?"

Mijin Auta ya buɗe baki, ya dubi ƙofar ɗakin surukinsa, ya mayar ya rufe. Ya ce wannan sai dai Baba ya faɗa da bakinsa. Maigadi ya gyaɗa kai, don a wajensa shirun nan ya fi kowace shaida. Ya ce masa ya ji da kyau: akwai amana a cikin na'urar nan, in ta salwanta ba zai yafe ba. Ya ba shi hanya ya wuce, yana bin bayansa da kallo. Abin da ya ɗan dame shi shi ne tafiyar mutumin ba ta ɓarayi ba ce. Tafiya ce ta wanda aka ɗora wa kaya, amma Maigadi ya ce ai alhaki ma kaya ne.

La'asar ɗin da ta zama ta ƙarshe, Mai Hoto bai fito da kwamfutar ba. Ya zauna a kan benci ido a rufe, ya ce yau a huta. Maigadi ya matso kusa, ya rage murya, ya ce in tsoronsu yake ji ya faɗa masa, shi ya san inda zai kai ƙara. Mai Hoto ya yi murmushi bai buɗe ido ba, ya lalubo gwiwar abokinsa ya dafa. Ya ce shi dai yana roƙon Allah ya sa Maigadi ya yi gadin kabarinsa, don ya san ko tururuwa ba za ta shiga ba sai ta nuna takarda. Suka yi dariya. Hannun ya daɗe a kan gwiwar, da zafi kamar an ɗauko shi daga rana.

Washegari da hantsi ƙas-ƙas ɗin ba ta tashi ba. Maigadi ya ƙwanƙwasa, ya kira, sannan ya sa kafaɗa. Ya same shi a kan kujera, kai a jingine da bango, tabarau a cinya, kwamfutar a rufe a gabansa, caja a naɗe tsaf a kanta. Ya taɓa wuyansa. Ya daɗe a tsaye kafin ya iya fita ya nemi wanda zai kira Auta.

Aka kai Mai Hoto makwancinsa, aka yi kwanakin karɓar gaisuwa. Maigadi ya yi kuka, kuka na gaske, amma ko a cikin kukan ido ɗaya yana kan ƙofar ɗakin. Ranar da mutane suka tsagaita, sai ga mijin Auta ya fito da kwamfutar a hammata. Maigadi ya miƙe daga benci ya tare hanya.

"Ajiye ta."

"Wajenka zan kawo ta, Baba."

Ya zauna a kan bencin, a gurbin surukinsa, ya buɗe murfin. Ya shiga saiti ya taɓa wani ɗan maɓalli, sai ga shafi ya taso daga ƙasa yana miƙa, yangar nan dai da Maigadi ya sani. Ya sake taɓawa, ta mutu. Ya yi haka har sau biyu don tsohon ya gani da idonsa.

Sannan ya faɗi abin da aka hana shi faɗa. Wani ƙari ne likitoci suka gano a cikin kan Baba, hoton kansa ne a ambulan ɗin nan. Duk abin da ya motsa a allo jiri yake sa shi har ya yi amai. Sun roƙe shi ya daina kallon kwamfutar, ya ƙi, ya ce a kashe masa yangar kawai, jirin zai ragu, kuma ba shi da lokacin da zai tsaya jiran kowane hoto ya gama kwalliya. Ya rantsar da su kada Maigadi ya sani, don in ya sani zai hana shi neman hoton marigayiyar. Shi ya sa yake kulle ƙofa da safe, yana bi shi kaɗai, ido ɗaya a rufe.

Maigadi ya koma kan bencin ya zauna. Kunya ta rufe shi, ta mutumin da ke gefensa da ta wanda ba ya nan. Ya ga bin bango, ya ga rama, ya ga komai, shi da yake taƙamar karanta tafiya, sai ya karanta ta na'ura ya bar ta abokinsa. Ya juyo zai ba da haƙuri.

Mijin Auta bai jira ba. Ya nuna wani ɗan hoto ƙarami shi kaɗai a tsakiyar allo, ya ce Baba ya kira shi da yammacin ranar ƙarshe ya ce ya samu, da safe yake son nuna masa, in ido ya huta.

"In mayar da yangar kafin in buɗe? Baba ya ce kana sonta."

Maigadi ya goge fuska da hannun riga, ya gyara zama.

"Bar ta yadda ya bar ta."

Mijin Auta ya danna. Ba inuwa, ba jinkiri, sai ga ta nan gaba ɗaya a bakin famfo, ɗankwali ya zame baya, bokiti ya cika yana zuba a kan ƙafarta ba ta sani ba, tana dariya tana kallon wani da hoton bai kama ba. A gefen hoton, can ƙarshe, akwai rabin hannun wata rigar gadi.

Mijin Auta ya tashi a hankali ya bar masa bencin. Can a ƙarshen tsakar gida wani ya bar famfo yana ɗiga, Maigadi kuwa, wanda bai taɓa barin famfo ya ɗiga ba, bai motsa ba.