Hutun Auta

Da safiyar Litinin aka kira Yaya hawan sama, ɗakin gilashin nan da ba a taɓa kiran mutum cikinsa don alheri ba. Ita ce shugabar sashen gwaji a kamfanin, wato masu jarraba manhaja kafin a sake ta ga jama'a, su lalubo inda take tuntuɓe. Ta haura shekara goma a wurin, kuma kowa a sashen Yaya yake ce mata, har da masu furfura.

Wanda ya kira ta shi ne jami'in kula da ma'aikata, wanda a bayan idonsa ake ce wa Murmushi. Mutum ne da ko rasuwa zai sanar da kai, sai ya fara nuna maka haƙoransa. Ya turo mata robar ruwa, ya tambayi mutanen gida, sannan ya fasa ƙwan: ranar Alhamis za a rufe sashen gwaji ɗungurungum, na'ura za ta karɓi aikin. Ita za ta karanta wa yaran sashenta sanarwar, ita ma ta bi bayansu ƙarshen wata.

"Amma ke, ranki ya daɗe, an yi miki tanadi na musamman," in ji shi. "Kuɗin sallama na albashin shekara guda, ga inshorar lafiyar iyalinki. Sharaɗin ɗaya ne, kada kowa ya ji kafin Alhamis."

"Su fa yaran?"

"Albashin wata biyu. Inshorarsu kuma tana tsayawa ranar da katin shiga ya daina aiki."

"Har da Auta?"

Ya leƙa kwamfutarsa. "Har da ita. Hutun haihuwarta sai wata mai zuwa. Da a ce ta riga ta fara, ƙa'idar kamfani ba ta bari a taɓa ta sai ta dawo. To, ba ta fara ba." Ya ɗaga kafaɗa, haƙoran nan a waje.

Yaya ta sa hannu a takardar rufe baki, ta sauko. A cikin lif ta ji ranta yana tafasa. Wai wata biyu! Mutanen da suka kwana a kan kujera don manhajar nan ta tsaya da ƙafarta.

Auta ce ƙarama a sashen, shi ya sa sunan ya bi ta. Cikin fari gare ta, ya tsufa, ga hawan jini, likita kuma ya riga ya ce sai an yi mata aiki za a ciro jaririn. Mijinta tasi yake ja, ba shi da wata inshora. In katinta ya mutu ranar Alhamis, asibitin da take zuwa ko ƙofa ba za su buɗe mata ba sai da kuɗin da ba su da shi. Yarinyar kuwa ga taurin kai. Ita ta ɗage hutun da kanta, wai sai ta ga an saki sabuwar manhajar da ta sha wahala a kai, don an ce mata daga nan ƙarin girma ne.

Yaya ta tarar da ita a teburinta, ta ɗora kumburarrun ƙafafunta a kan kwalin takardun firinta, tana danne-danne.

"Taso, ina son ganinki."

Suka shiga ɗan kicin ɗin ofis, Yaya ta tura ƙofa.

"Yau za ki fara hutu. Je ki canza ranar, in amince yanzu."

Auta ta yi dariya. "Haba Yaya, yau kuma? Saura ƙiris a saki aikin. Lafiyata lau wallahi, ɗan nan ma ya san ana aiki, shiru yake yi."

"Ba shawara nake ba ki ba."

"To me ya faru?"

Nan ne fa gizo ke saƙar. In ta faɗa, ta karya sharaɗi, kuma Auta ba ta iya riƙe magana, kafin azahar duk ginin ya ji. A ji kuwa, a rufe na'urar neman hutu, shi ke nan. Ba abin da ya rage wa Yaya sai ta ɗaure fuska ta yi abin da ba ta taɓa yi ba.

"Abin da ya faru shi ne aikinki ya lalace. Gyangyaɗi kike a kujera, sai an bi bayanki ana gyara. Kin zame min kaya. Ki tafi gida in sa wanda zai iya."

Ƙarya ce tsagwaronta, babu mai ido irin na Auta a sashen. Yaya tana kallo fuskar yarinyar ta canza, kuma wallahi ji ta yi kamar ta mari kanta.

"Ni ce kaya?"

"Ke fa. Kuma kada ki tsaya min kuka a nan."

Auta ta fita. Ba a jima ba saƙon neman hutu ya faɗo a kwamfutar Yaya, ta danna amincewa tun kafin ta gama karantawa. Yarinyar ta tattara jakarta da maganinta, ta tsaya a bakin teburin, idanu jajur.

"Na gode, ranki ya daɗe," ta ce, ta juya. Tun da ta zo kamfanin ba ta taɓa kiranta da wani abu ba sai Yaya.

Sauran yaran suka bi Yaya da harara har aka tashi. Ta shanye.

Ranar Alhamis ta tara su a ɗakin taro. An ba ta rubutun da za ta karanta, cike da zaƙin baki, wai kamfani iyali ɗaya ne, wai wannan dama ce ta sabuwar tafiya. Ta karanta layin farko, ta kife takardar.

"An kore mu," ta ce. "Ku yau, ni ƙarshen wata. Wata biyu za a ba ku, inshora ta tsaya. Duk mai magani a asibiti ya je ya karɓo yau kafin yamma. Kada wanda ya sa hannu a kan komai sai ya kai gida ya karanta da idon basira."

Wani dattijo da ya fi kowa daɗewa ya dubi kujerar Auta da ba kowa, ya dubi Yaya, ya gyaɗa kai a hankali.

Ko gama kwashe kaya ba su yi ba aka sake kiranta sama. Wannan karon Murmushi ba shi kaɗai ba ne, akwai lauyar kamfani ta kiran bidiyo a allon bango, wata mai gilashi da ba ta ko amsa sallama ba.

"An ɗan samu kuskure, ranki ya daɗe," in ji Murmushi. "Hutun yarinyar nan. Mun san aiki ya yi miki yawa, hannu yakan zame. Ki shiga ki janye amincewar, ki rubuta cewa kuskure ne, magana ta wuce."

"Ku janye da kanku mana. Ba ku ne da na'urar ba?"

Lauyar ta gyara gilashi. Ba sai an faɗa ba, Yaya ta gane. In kamfani ya soke da hannunsa, ya kori mai ciki tana tsakiyar hutu ke nan, kuma wannan labari ne da ba sa so ya fita. Hannunta suke so su ara.

"Bari in fito miki a mutum," in ji lauyar. "Kin yi amfani da bayanin sirri kin jawo wa kamfani asara. In ba ki gyara ba, ba sallama za a yi miki ba, kora ce ta laifi. Ba kuɗin sallama, ba inshora, ba takardar shaida. Yau ɗin nan."

"Wa na gaya wa sirrin?"

"Wannan kya faɗa a kotu, in kina da shekarun jira."

Tsoro ya kama Yaya, tsoro na gaske. Maigidanta malamin makaranta ne, albashinsa ko hayar gida ba ya kaiwa. Yara biyu a jami'a. Ita kuma ta ba hamsin baya, wa zai ɗauke ta a wannan zamani da ake sallamar samari ma? Murmushi ya juyo mata da kwamfutarsa, ya matso da ita har gabanta, kamar mai miƙa wa baƙo abinci.

"Dannawa ɗaya ce, ranki ya daɗe. Ba wanda zai ga laifinki."

Wannan kalma ce ta ƙarasa ƙona mata rai. Ta sa yatsa ɗaya ta tura kwamfutar ta koma inda ta fito.

"Hannuna bai zame ba. Da idona biyu na danna, kuma ko yanzu aka kawo min sai in sake dannawa. Ki rubuta haka, lauya, kada ki rage ko harafi. Kai kuma rufe bakinka haka nan, ba abin dariya a ɗakin nan."

Ya kuwa rufe.

Mai gadi ne ya rako ta ƙasa, yana ta sunkuyar da kai yana ba ta haƙuri, shi ya ma ɗaukar mata kwalin kayanta har bakin titi. Rana ta take. Ta ajiye kwalin a bencin tashar bas, ta zauna, sai wayarta ta yi ƙara. Auta ce.

"Yaya!" Kuka take yi sosai, da ƙyar maganar ke fita. "Yaya, ki yafe min, na ji komai. Murmushi ya kira ni yanzu. Ya ce in na soke hutun da kaina za a mayar miki da haƙƙinki duka. Ga ni nan ina sa takalmi, mijina zai kawo ni."

Kai, mutanen nan ba su da kunya! Yaya ta miƙe tsaye ba ta sani ba.

"Cire takalmin nan."

"Yaya, kuɗinki na shekara guda fa, ga yaranki..."

"Na ce ki cire! Ke wace irin yarinya ce da ba ta jin magana sai an zage ta? In kika taka ginin nan, ni da ke har abada. Kina hutu. Mai hutu ba ta amsa wayar ofis, ba ta buɗe saƙo, ba ta sa hannu a komai. Ba ni mijinki."

Aka yi ɗan motsi, muryar namiji ta ce, "Na'am, Yaya."

"Ƙwace wayar nan ka kashe. Duk wanda ya kira, ka ce tana kwance. Yaushe ne awonta?"

"Gobe da safe."

"Ka kai ta. Ka miƙa katin inshorar nan a kanta ka ga ko ba zai yi aiki ba."

Sai ya ce, "Yaya, ke fa? Ya za ki yi?"

"Ban sani ba," in ji ta, kuma gaskiya ta faɗa. "Kai dai ka kai ta awo."