Sawun Keken Baba a Burtali

Ni na ɗaure keken Baba da sarƙa, kuma ba ni ɗora wa kowa laifin, ko da yake Yaya Salamatu ce ta yi ta hura mini wuta ta salula daga Tawa. Baba ya je Malbaza sayen magani, wata babbar motar siminti ta gifta shi bisa kwalta, iskarta ta kwashe shi ta watsa cikin rami. Gwiwa kawai ya ƙuje, babu karaya. Amma don Allah, mutum mai shekara sittin da takwas, a ce shina gogayya da motocin siminti? Na sayo sarƙa da kwaɗo, na ɗaure keken a gindin rumbu, na jefa mabuɗin aljihu.

Kwana tara Baba bai ce mini uffan ba. Tuwo ma sai ya ɗan taɓa ya ture. Tun ban san kaina ba, duk sati yakan tashi daga Dogarawa bisa keken nan ya bi daji har Tajaye wurin amininsa Muttaƙa, wanda ciwon ƙafa ya daɗe da zaunar da shi. Yanzu ga shi nan ƙofar gida yana kallon masu wucewa. Abin ya dame ni, amma na dake.

Ran na goma ya kira ni.

"Tijjani, kwalta kuke tsoro, ko kuwa cewa kuke na ƙare?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, wanda ya faɗi a kwalta, yaya zai yi da yashi?"

"To, ka biyo ni Tajaye sau ɗaya. In na faɗi, ko ƙarfina ya kasa na sa ƙafa ƙasa, riƙe mabuɗinka, ba ni ƙara tambayarka."

Na yarda nan take, don na tabbata zai kasa. Ni fa ina cikin ƙungiyar masu keken daji ta Konni. Kekena mai kaurin taya ne, giya goma sha ɗaya, ga hular kwano, ga taswira cikin salula. Nasa kuwa baƙin tsohon keke ne wanda sirdinsa ya sha ɗauri da roba. Raina shi na yi, gaskiya ke nan.

Tsakar damina ce, an yi ruwa jiya, yashi ya kwanta. Bayan asuba munka fita. Baba na gaba, ya tattare rigarsa ya tura ƙarƙashin cinya, yana taka feda a hankali kamar mai daka da ba ta sauri. Babu mota, babu babur, sai kukan kurciya da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Munka wuce itatuwan gawo tsaye ba ganye, hatsi dama da hagu ya kai kafaɗa. Ni da nake jiran ya fara haki, sai na ji nawa numfashin ya riga nasa.

Wajen hantsi munka iso inda hanya ta rabu biyu. Salula ta nuna dama, gajeriya sosai. Baba ya karkata hagu.

Na ce, "Baba, nan ce hanya. Ga ta nan a taswira."

Ko tsayawa bai yi ba. Ya ce, "Wannan ta rani ce. An shuka ta. Burtali za mu bi."

Burtali, hanyar shanu da manoma ke bari tsakanin gonaki, ga zagaye ga caɓi. Raina ya ɓaci. Ni da na yi lakwal, na sha karatun boko, tsoho zai gaya mini taswira ba ta san hanya ba? Na ce a raina bari in riga shi can gaba in zauna ina jiransa, ya ga bambanci. Na murɗa dama.

Da farko lafiya lau. Sannu a hankali hanyar ta tsuke, ta zama ta ƙafa, sannan ta ɓace ƙurmus cikin hatsi. Salula na ta cewa in miƙe, ni kuma da taurin kai na miƙe. Kara na karyewa ƙarƙashin taya, ganye na yankar mini fuska, har na afka cikin shingen ƙaya da anka yi don awaki. Tayu biyu sunka sace lokaci guda. Wayyo ni, da hulata da komai.

Ina cire ƙaya daga ƙwauri sai ga mai gonar da hauya a kafaɗa, wani dattijo wai shi Tanimun. Ya dubi layin hatsin da na kwantar, ya dube ni.

"Shanu ma sun san burtali. Tashi mu je wurin mai gari. Ɗan wa ne kai?"

Kamar in nutse. Na ce, "Ɗan Abarshi na Dogarawa."

"Abarshi mai baƙin keke?" Ya sauke hauyar. "Shekara talatin yana wucewa ta nan, bai taɓa karya mini kara ɗaya ba. In ya gamu da garke sai ya raɓe ya ba su hanya. Albarkacinsa ka ci. Ga burtali can, ja abinka ka tafi."

Na yi faci biyu, na tura keken har burtali. A nan na ga abin mamaki. Sawun tayar Baba ne bisa jiƙaƙƙen yashi, siriri, miƙe kamar an ja zare. Yana bin gefen da kofato ya daddaɓe, yana kauce wa taɓo tun daga nesa. Na bi shi cikin kurmin geza da sabara, na bi shi ya tsallake ƙorama ta inda tsakuwa take. Ina tafe ina dubawa, har da mugun fata, ko zan ga inda takalmi ya taɓa ƙasa. Ko ɗaya babu. Ni kuwa sau huɗu na sauka. Wallahi tun ina jin haushi har na koma jin kaina na kumbura, na ce wannan ubana ne.

Kafin in shiga Tajaye Yaya Salamatu ta kira. "Ya faɗi ko?"

Na ce, "Yaya, in kina son a ɗaure keken nan, ki zo ki ɗaure da kanki. Amma sai kin fara cim masa." Na kashe.

Na iske su ƙarƙashin itacen bedi, shi da Baba Muttaƙa, ƙwaryar hura tsakaninsu har ta yi rabi. Wandona ya yage, ƙaya cike da safa. Baba ya dube ni sama da ƙasa, ya san komai. Na tsuguna ina jiran faɗa, don na cancanta.

Sai ya juya ga amininsa ya ce, "Ga Tijjani. Shi ya rako ni, saboda tsufa."

Na ce, "A'a, Baba Muttaƙa, ban rako shi ba. Ɓacewa na yi, sawunsa ya kawo ni."