Ranar Da Ovide Ya Ƙi Gyaɗa Kai

Clothilde ta dire tiren gasasshen dankali a kan takardun gwamnati da ke teburin ƙanenta Ovide, ko a jikinta. Awa huɗu ta yi a bas daga garinsu na bakin teku, kuma ba kawo abinci ne ya taso ta ba.

"Ovide, an ce yau za a rufe mana makaranta, wai kuma sai da yardarka."

Ovide Saulnier ya sunkuyar da kai. Shekara ashirin da biyu ya yi yana alƙali, manyan lauyoyi na shakkarsa, yanzu ga shi wakilin Sarki a lardin. Amma a gaban Clothilde har gobe shi ne ƙanen da ta goya.

"Yaya, majalisa ta riga ta zartar. Ni nawa gyaɗa kai ne kawai, alamar Sarki ya amince."

"To kar ka gyaɗa mana."

"Da a kotu aka kawo mini ita, da an ji ni. Wannan kujerar ba a cewa a'a a kanta."

"Oho. Ashe ranar da muka cika titi muna kaɗa tukwane don murnar naɗinka, haƙora aka cire maka." Ta gyara zama. "Shekara talatin Mama na share makarantar nan don mu yi karatu da Faransanci. In an kwashe yaran zuwa ta Turanci a birni, da wane baki jikokina za su gaishe ni? Sarakunan nan da kake wakilta, da jiragen ruwa suka kwashe kakanninmu daga ƙasarsu. Yanzu ina ruwansu da jirgi, sun same ka, ɗan Baba Placide."

Maganar ta soke shi.

Ƙarfe uku aka shigar da shi zauren majalisa, kowa ya miƙe. Ya hango Clothilde can sama a benen 'yan kallo, jaka a cinya. Magatakarda ya shiga karanto dokoki bakwai, ta makarantu ce ta ƙarshe. Da ya kai aya, inda aka saba wakili ya gyaɗa kai, Ovide ya kafe wuyansa. Yana jiran zauren ya yamutse, jaridu su yi caa, gobe a ce ya sauka. Ya yarda, a yi ta ta ƙare.

Shi kuwa magatakarda, da ya tsufa a aikin nan, ko ɗago ido daga takarda bai yi ba.

"Da sunan Mai Martaba Sarki, Mai Girma Wakili ya amince da waɗannan dokoki."

'Yan majalisa suka bubbuga tebur. Babu wanda ya lura, ko mutum ɗaya.

Ovide ya ɗaga ido. Clothilde ta riga ta miƙe tana ɓalla maɓallan kwat ɗinta, bas ɗin ƙarfe huɗu ba ya jiran kowa. Daga inda ta zauna, ba a gane ko mutum ya gyaɗa kai ko bai gyaɗa ba.